Mutanen Kan Dutse Sun Cancanci Hasashen Hunturu Tun Watan Oktoba



A ƙasar nan damina ce 'yar gata. Tun farkon shekara Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, take tara manyan baƙi ta ƙaddamar da hasashenta na shekara: lokacin da ake sa ran saukar ruwan shuka a kowace jiha, tsawon kwanakin damina, yawan ruwan da za a samu, da wuraren da ake fargabar fari. Gidajen rediyo su ɗauka, malaman gona su yaɗa. Hunturu kuwa shigowa yake kamar baƙon da ba a yi wa shimfiɗa ba. Sai an wayi gari leɓe ya tsage, yaro yana tari, sannan a ce ashe sanyi ya shigo. Ra'ayinmu a wannan mako shi ne, mutanen da ke zaune a kan tsaunukan ƙasar nan, musamman tudun Jos da tudun Mambila, sun cancanci hasashen farkon hunturu nasu na kansu, wanda zai fito tun watan Oktoba, cikin harshen da suke ji, ɗauke da bayanin abin da ya kamata su yi.

Bari mu fara da yadda hunturun ke zuwa, domin a nan ne za a ga cewa abu ne da ake iya hangowa. Iska biyu ke rabon shekara a Afirka ta Yamma. Ɗaya tana tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma ɗauke da laima, ita ke kawo ruwa. Ɗayar tana sauko wa daga Sahara ta arewa maso gabas, busasshiya ƙayau. Inda suka yi karo akwai wata iyaka da masana yanayi ke bibiya kullum. A watan Agusta iyakar nan takan hau arewa har ta wuce Agadas. Daga Satumba sai ta fara ja da baya zuwa kudu, duk garin da ta bari a bayanta kuma ya faɗa hannun busasshiyar iska. Kafin Janairu ta kusa bakin teku.

Ita ma ƙurar da ke rufe mana sama tana da gidanta. Mafi yawanta daga kwarin Bodele take tashi, a arewacin Chadi, wurin da a zamanin dā gadon wani makeken tafki ne, yanzu ya bushe ya bar farin gari mai laushi. Kwarin yana bakin wata mashiga tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi. Iska in ta matsu a tsakaninsu sai ta ƙara gudu, kamar ruwa a ƙuntataccen kwalbati, ta kwashi garin ta yi sama da shi. Shi ya sa masu hasashe ke sa ido kan garuruwa irin su Faya Larjo a Chadi da Bilma a Nijar. In ƙura ta tashi can yau, cikin kwana ɗaya ko biyu za ta iso mana. Tauraron ɗan'adam yana ganinta tun tana hanya.

To me ya bambanta kan dutse? Ƙa'idar da aka sani ita ce, duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Selshiyos. Garin Jos yana kan tsayin mita 1,200 da 'yan kai daga doron teku, duwatsun Shere da ke gabas da shi kuma sun kai mita 1,829. Shendam, wadda ke jiha ɗaya da Jos, tana can ƙasa wajen kwarin Binuwai, tazarar tsayinsu ta kusa mita 1,000. Ke nan in aka ce "Jihar Filato" aka ba da lamba ɗaya, an haɗa wurare biyu da ke iya bambanta da digiri shida. A Taraba abin ya fi haka. Tudun Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna, matsakaicin tsayinsa kusan mita 1,600 ne, kuma a maƙwabtansa ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Jalingo kuwa ko mita 400 ba ta kai ba. Mutumin Nguroje da ya ji hasashen Jalingo a rediyo ya ji labarin wata ƙasa ce daban.

Akwai kuma abin da taswira ba ta nunawa. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, don haka da dare takan gangaro daga kan tudu ta kwanta a kwari da fadama. Da asuba gonar da ke bakin rafi takan fi gidan da ke gefen dutse sanyi, ko da tsakaninsu bai wuce tafiyar minti goma ba. Kuma a bakin rafin ne lambuna suke. Daren da sama ta yi garau, ba gajimare ba iska, shi ne daren da ƙasa ke sakin duk ɗumin da ta tara da rana. Ranar da ƙura ta yi kauri kuwa, rana ce ba ta da ƙarfi, a yini cikin rigar sanyi. Kano da Potiskum ma suna shan sanyin dare sosai saboda kusancinsu da hamada, wannan gaskiya ne. Sai dai a kan tudu, iska tana kaɗawa a fili ba abin da ya tare ta, kuma jiki yana jin sanyin fiye da abin da ma'auni ya nuna.

In muka tattara wannan, ga abin da mazaunin tsaunukan nan kan sa rai da shi a shekarar da ta zo daidai. A tudun Jos ruwa kan ɗauke a cikin Oktoba. Nuwamba sama ta washe, dare ya fara sanyi, rana kuma da ɗan zafinta. Muku-mukun sanyi sai Disamba da Janairu, lokacin da ma'auni kan sauka kusa da digiri 11 da asuba, wasu ranakun ya yi ƙasa da 10. A Mambila damina ta fi daɗewa, takan cinye Oktoba har ta leƙa Nuwamba, don haka farkon sanyinsu yana zuwa da laima da raɓa, kafin busasshiyar iska ta karɓe. Abin lura kuma shi ne hunturu ba ya shigowa gaba ɗaya. Zuwa yake yi kashi-kashi: kwana uku ko huɗu na iska da ƙura, sai ya lafa, zafi ya dawo, mutane su mayar da bargo akwati, sannan ya sake dawowa da ƙarfin da ya fi na farko. Wannan yaudarar ta farkon hunturu ita ce ta fi kama mutane ba shiri.

Wani zai ce, ai duk wannan kowa ya sani, wa ke bukatar a gaya masa za a yi sanyi a Disamba? Amsa ita ce, zuwan sanyi kowa ya sani, amma ranar zuwansa da ƙarfinsa suna canzawa daga shekara zuwa shekara, kuma a wannan canjin dukiya da rayuka suke. Ɗauki manomin dankalin Turawa a Bokkos ko Mangu ko Barkin Ladi, yankin da ke ciyar da kasuwannin ƙasar nan da dankali. Noman raninsa ya dogara ne da rafuka da tsofaffin kududdufan da haƙar kuza ta bari. Dankali yana son dare mai sanyi kafin ya yi 'ya'ya, don haka hunturu abokinsa ne. Amma in ya yi shuka laima ba ta gama janyewa ba, cutar ƙunar ganye tana jiransa. In kuma ya makara, zafin Maris ya riski amfanin, busasshiyar iska ta shanye ruwan kududdufin kafin ya kai ga haƙa. Mai tumatir da tattasai a kwari nasa lissafin daban ne, domin su sanyi mai tsanani tsayar musu da girma yake yi. Mai acca da masara yana son sanin ko akwai sauran ruwan bazata kafin ya baza amfaninsa a kan fa. Makiyayin Mambila yana son sanin yaushe ciyawar kan tudu za ta bushe ya gangara da shanu kwari. Mako biyu na bambanci ya isa ya raba riba da asara.

Haka masu kiwon kaji, waɗanda Jos ta yi suna da su. Ɗan tsako a makonsa na farko yana bukatar ɗumin da ya haura digiri 30. Wanda ya zuba 'yan tsaki ɗari biyar a daren da iska ta juyo, ba gawayi ba wutar lantarki, da safe sai dai ya kwashe gawa. Annobar kaji ta Niyukasal ma a lokacin hunturu take yi wa kajin gida kisan kiyashi, alhali a nan Vom, kan tudun, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, wadda tarihinta ya faro tun 1924, tana yin rigakafinta. Sanarwa ɗaya a Oktoba da ke cewa a yi wa kaji rigakafi kafin iska ta juyo za ta ceci jarin mata da yawa a ƙauyuka.

Batun rai ya fi duk wannan nauyi. Duk shekara in sanyi ya tsananta, mutane kan shigar da kaskon gawayi ɗaki, su toshe ƙofa da taga, su kwanta. Gawayi in yana ci a wurin da ba iska, yana fitar da guba mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana farawa da ciwon kai da jiri da jin barci, mai barci kuwa ba ya jin komai har ta gama da shi. Iyali guda kan tafi a dare ɗaya. Jariri sabon haihuwa yana rasa ɗumin jikinsa da sauri, musamman in aka yi masa wanka da sassafe aka bar shi a buɗe. Mai ciwon sikila sanyi na tayar masa da ciwo, mai asma ƙura na shaƙe shi. Sanƙarau ma da busasshiyar iska yake tafiya, yana farawa a hunturu ya yi ƙamari da bazara, kuma ba a manta da annobar 1996 da ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya ba. Sannan ga waɗanda ba su da bango huɗu na kansu: almajirai a zaure, masu gadi, da dubban mutanen da rikice-rikicen Mangu da Bokkos na 2023 suka raba da gidajensu. Duk mai niyyar kai musu bargo, a Nuwamba ya kamata ya kai. Wanda ya jira Janairu ya kai wa wasu ne bayan an yi jana'izarsu.

Ga hanya kuma. Direban da zai sauka Hawan Kibo, ko ya hau gangaren Mambila daga Mayo Selbe da lanƙwasoshinsa, rayuwarsa da ta fasinjojinsa tana rataye da nisan da idonsa ke iya gani. In ƙura ta yi kauri, gani kan ragu ya koma ƙasa da mita 1,000, har jiragen sama su fasa sauka. Matuƙin jirgi ana gaya masa wannan tun kafin ya tashi. Direban tasha kuwa sai ya shiga ciki yake sani.

Dole mu yi wa hukumar adalci. Tana fitar da hasashen kwana-kwana da gargaɗin ƙura, kuma suna da amfani. Matsalarsu biyu ce ga mutumin kan dutse. Yawanci suna magana ne da manyan yankuna, a ce arewa, tsakiya, kudu, a jero sunayen jihohi. Kuma gargaɗin kwana uku bai isa a sayi iri, a yi rigakafi, a tanadi itace da bargo ba. Shi kuwa babban hasashen shekara, lokacin da yake fitowa hunturu ya riga ya ci rabinsa. Tsakanin waɗannan biyu akwai giɓi, a giɓin ne muke magana.

Akwai mai cewa hasashen ma ai ba ya cika, an ce za a yi kaza ba a yi ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, musamman a kan duwatsu. Kwamfutocin da ke lissafin yanayi suna yanka ƙasa ne gida-gida, kowane gida faɗinsa kilomitoci da dama, sai su ba shi tsayi ɗaya. Ƙololuwar dutse da kwarin da ke gindinsa sai su narke su zama wuri ɗaya a lissafi. Maganin wannan shi ne ƙarin ma'aunai a ƙasa. Na'urar auna mafi ƙarancin zafi da mafi yawansa ba ta kai kuɗin wayar hannu ba. In aka ajiye ta a makarantun sakandare na Pankshin, Bokkos, Riyom, Gembu, Nguroje da Maisamari, ɗalibai suna rubuta lamba kowace safiya, cikin shekara biyar za a sami tarihin da zai gyara lissafin. Jami'ar Jos da Jami'ar Jiha da ke Bokkos suna da malaman da za su iya tattara shi. Sannan mu ma masu sauraro mu fahimci irin maganar. Hasashen wata uku ba ya cewa ranar kaza za a yi kaza. Cewa yake yi, alal misali, akwai yiwuwar kashi 60 cikin 100 sanyin bana ya fi na kullum. Sauran kashi 40 ɗin suna nan, in su suka faru ba ƙarya aka yi ba. Ɗan kasuwa kullum da irin wannan lissafin yake saro kaya.

Akwai kuma mai ganin abin kamar shisshigi ne cikin gaibu. Muna girmama wannan tsoron, amma mu tuna malamanmu na zaure sun daɗe suna riƙe da lissafin taurari 28, kusan kowanne da kwana 13, bakwai ga bazara, bakwai ga damina, bakwai ga kaka, bakwai ga ɗari. Manomi kan je ya tambaya wane tauraro ake ciki kafin ya yi shuka. Lura ce da yadda Allah Ya tsara yanayi yake maimaituwa. Mai kallon hoton ƙura ta taso daga Bodele ya ce gobe za ta iso, daidai yake da wanda ya hango hadari a gabas ya ce a kwashe shanya. Dukansu da "in Allah Ya so" suke rufewa.

Mai cewa ambaliya ta fi kisa, a bar kuɗin a can, shi ma yana da hujja, domin ambaliyar 2022 kaɗai ta ci rayuka fiye da 600. Sai dai mutuwar hunturu ɗaiɗai take zuwa, jariri nan, tsohuwa can, ba ta yin hoton da za a sa a talabijin. Kuma abin da muke nema ba gina madatsar ruwa ba ne. Bayanan suna nan, masanan suna nan, gidajen rediyon jiha suna nan. Abin da ya rage shi ne a zauna a Oktoba a rubuta shafi biyu.

Shafi biyun nan, a ganinmu, ga abin da ya kamata su ƙunsa. Na farko, lokacin da ake sa ran ruwan ƙarshe da lokacin juyowar iska, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, tare da raba kan tudu da kwari. Na biyu, ko ana sa ran sanyin dare zai fi na kullum ko zai gaza, a faɗi girman yiwuwar a fili. Na uku, kowace magana ta zo da aikinta: manomi ya yi kaza, mai jego ta yi kaza, direba ya yi kaza, kowa kuma ya bar taga a buɗe in akwai garwashi a ɗaki. Na huɗu, a riƙa sabunta shi duk mako biyu har Fabrairu. Na biyar, ya fita da Hausa, amma kada a tsaya nan. Hausa ce harshen kasuwa a tudun Jos, sai dai tsohuwar da ke ƙauye za ta fi kama maganar da Berom ko Ngas ko Mwaghavul ko Ron. A Mambila kuwa Fulatanci ne ke haɗa jama'a, ga harshen Mambila da na Kaka. Masallatai da majami'u da tashoshin mota su ne za su kai shi inda rediyo bai kai ba.

Fassarar kanta tana bukatar mai kunnen Hausa. Harshenmu ya riga ya rarrabe abubuwan da ake son faɗa. Sanyi ya fi karkata ga mai laima, irin na bayan ruwa da na safiyar Mambila. Ɗari shi ne busasshe mai zuwa da iska, mai tsaga fata ya kawo faso. Jaura ita ce iskar da ke ratsa riga. Duk sanarwar da ta tattara waɗannan ta kira su "yanayin sanyi" ta zubar da rabin saƙonta. Inda ake bukatar taka-tsantsan shi ne kalmar hazo, domin da ita muke kiran ƙurar hamada, da ita kuma muke kiran gajimaren da ke sauka ƙasa da asuba a kan dutse. Na farko yana iya yin kwanaki, yana cutar da ƙirji, maganinsa takunkumi da rufe abinci. Na biyu rana na ɗagawa yakan watse, maganinsa direba ya jinkirta tafiya awa biyu. A ce hazon ƙura, a ce hazon raɓa, kowa ya san abin yi. Haka nan hotunan da ake yaɗawa duk shekara ana cewa dusar ƙanƙara ta sauka a Jos, mu daina tura su. Ƙanƙara takan faɗo a Jos tare da hadari, amma dusar ƙanƙara irin ta Turai ba ta sauka a can, kuma kowace ƙarya irin wannan tana rage wa gargaɗin gaskiya daraja ranar da ya zo.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Duk wanda ke da dangi ko abokai a waɗannan tsaunuka, ya tuna musu tun yanzu: a duba rufin ɗaki da tagogi, a sayi kayan sanyin yara kafin 'yan gwanjon Katako su ɗaga farashi, a yi wa kaji rigakafi, a yi shara a kewaye rumbu da gona kafin masu ƙona daji su fara, a kashe garwashi ko a fitar da shi waje kafin a kwanta. Wanda ke da hanyar kai magana ga ɗan majalisarsa ko shugaban ƙaramar hukumarsa, ya tambaye shi me aka tanada wa hunturun bana. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin Disamba a Oktoba ake yinsa.

Allah Ya kai mu hunturun lafiya, Ya fitar da mu lafiya, Ya rufa wa marasa bargo asiri.